Da'ira a Cikin Faranti

Ruwan sama a Valdivia ba ya sallama.
Tun Litinin yake dukan kwanon rufi,
yau Alhamis, kogi ya kumbura ya yi baƙi.
Ni kaɗai ce a ɗakin gwaji, biyar na asuba,
da shayin da ya huce,
da faranti goma sha biyu a akwatin ɗumi
kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza.

Hannun mahaifina ne ya kawo ni nan.
Aurelio, shekara arba'in yana jan taru,
gishiri ya tsaga masa fata tsakanin yatsu.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga:
tsagar ta yi ja, ta kumbura, ta tara ruwa,
da dare yana susa har mayafi ya ɗauki jini.
Sau uku aka ba shi maganin kashe ƙwayoyi,
sau uku cutar ta tafi kamar mai zuwa kasuwa
ta dawo da 'yan rakiya.

Na shafi tsagar da auduga, na shuka a faranti.
Abin da ya tsiro, kai, gwanin kyau!
Ɗigo-ɗigo masu launin zinariya,
a ƙarƙashin madubi kuwa, curi-curi kamar inabi.
Ashe mugu ba dole ya zo da baƙar fuska ba.

Sai na tuna da gwaggo Eduvina.
Ruwan gishiri ɗaya suke sha da babana,
ita ke fafe kifi a bakin kasuwa,
amma hannunta sumul, ko ƙurji babu.
Da na je da audugata ta yi dariya:
"Jimena, karatun naki ya kai ga roƙon dauɗa?"
Na ce, gwaggo, maƙwabtanki nake so ki ara mini.

Nata farare ne, ba ado, ba ƙyalli,
irin mutanen da ba a tambayar sunansu a taro.
Na ɗiga su a tsakiyar gonar zinariya,
na rufe, na rubuta kwanan wata,
na yi kwana biyu ina cin farce.

Yanzu ga faranti na bakwai a gaban fitila.
Zinariya ta mamaye ko'ina har baki,
amma kewaye da farin ɗigon nan
akwai fili tas, da'ira mai haske,
kamar an share ƙofar gida da sassafe.
Na aza ma'auni: milimita tara.
Na sake aunawa, don hannuna na rawa.

Ba su yi yaƙi da ganga ba.
Zama kawai suka yi, suka cinye abincin wurin,
suka tsamama ƙasa har baƙo ya kasa tsiro,
suka zuba ɗan dafinsu a bakin iyaka.
Fata gari ce, ashe, mai unguwanni da layuka,
kuma kango shi ɓarawo ke kwana ciki.
Mu da muka ƙone gari don korar ɓarawo
mun manta wa zai fara dawowa.

Na sani, faranti ba hannu ba ne.
Tsakanin milimita tara da yatsun babana
akwai shekaru, da gwaji, da takardu,
da ranakun da da'irar za ta ƙi fitowa.
Biyar daga cikin sha biyun ma ba su nuna komai ba.

Waya ta yi ƙara. Shi ne, daga bakin jirgi:
"Yaya 'yan dabbobin naki?"
Na ce, baba, wasu sun tsaya da ƙafarsu.
Ya yi tari, ya ce ruwa ya fara janyewa,
in tuna in ci wani abu.

Na je famfo zan wanke hannu.
Na ɗauki sabulu, na dubi tafina,
wannan gari da ban taɓa gaishe da mutanensa ba.
Na wanke, amma a hankali.